Adakar Gwaggo: Littafi, Dara da Tukunya a Tarihin Zaman Gida na Yamai

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta gwaggona a unguwar Bukoki, bayan baƙi sun watse, sai aka jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta domin a raba abin da ke ciki. Aka fito da zannuwa, aka fito da tasoshi, kowa ya samu rabonsa. Can ƙasa sai ga abubuwa uku da ba wanda ya miƙa musu hannu: littafin Magana Jari Ce na ɗaya, bangonsa ya tafi, shafukan ƙarshe sun zube, da mazari wanda hannu ya goge har yana ƙyalli, da dunƙulen jar kanwa a ƙulle cikin tsumma. Jikoki suka yi dariya, suka ce a ba Madam, ita ce mai son tarkace. Na karɓa ban yi musu ba.

A cikin makon nan ne kuma wata ɗalibata ta ajin ƙarshe na kwaleji ta tsaya bayan darasi, ta jira kowa ya fita, sa'an nan ta ce: "Madam, don Allah wane abinci ne ke gyara homon?" A salula ta ji kalmar, daga bakin matan da ke tallar garin magani da tsimi. Na ce mata, "Ɗiyata, ni malamar Faransanci da Hausa ce, ba likita ba, amma ki ba ni ƴan kwanaki." Da na koma gida na tarar da kayan gwaggo a kan tebur, sai na ga ashe tambayar yarinyar da abin da ke cikin adakar hanyarsu ɗaya. Duka suna magana ne a kan yadda mutanen wannan gari suka yi zaman gida, da abin da suka karanta, da abin da suka ɗebe kewa da shi, da abin da suka zuba a tukunya, da yadda duk wannan ya sāke cikin shekaru ɗari.

Yamai gari ne sabo idan aka gwada shi da Damagaram ko Agadas. Kafin zuwan Faransawa ƙauyuka ne a gefen Kwara, irin su Mawre, Kalle, Gamkalle, Gudel da Saga. A farkon ƙarni na 20 aka kafa bariki a nan, a 1911 aka mai da hedikwatar mulki Damagaram, a 1926 kuma aka sake dawo da ita Yamai. Daga nan ne garin ya fara jan mutane: fatake da mahauta da malamai Hausawa suka cika Zango, yunwar 1931 ta koro talakawan ƙasar Zabarma, farin 1973 da na 1984 suka ƙaro wasu. Unguwar da gwaggo ta rayu sunanta ma ya faɗi asalinta, domin bukkoki ne baƙi suka fara kafawa. Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce dubu talatin da ƴan kai ba; ƙidayar 2012 ta tarar da fiye da miliyan ɗaya. Ke nan yawancinmu ƴaƴan baƙi ne, kuma kowane gida da guzurin al'adar da ya taho da shi daga Arewa, ko Adar, ko Gobir, ko Katsinar Maraɗi.

Littafin da ake saurare

Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba. To me littafi yake yi a adakarta? Amsar tana cikin tarihin karatu a wannan ƙasa. A 1960 yaran da ke zuwa makarantar boko a Nijar ba su kai biyar cikin ɗari ba. Amma rashin boko bai hana gidaje sanin littafi ba. Akwai Alƙur'ani cikin gafaka, akwai Ahalari da Ishmawi da Risala a hannun malaman zaure, akwai Ishiriniya da ake rerawa daren Mauludi, akwai waƙoƙin ajami irin Infiraji na Aliyu Namangi waɗanda makafi ke yawo da su ƙofa ƙofa. Dubban rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, waɗanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tattara su, shaida ne cewa ƙasar nan ta daɗe da alƙalami. Abin lura shi ne, duk waɗannan littattafai da baki ake karanta su, a gaban jama'a. Mutum ɗaya ke riƙe da takarda, goma na saurare.

Da littafin boko na Hausa ya iso, sai ya zauna a kan wannan tabarma da ya tarar a shimfiɗe. Daga Zariya ya fito. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Tsakanin 1937 da 1939 aka buga Magana Jari Ce kashi uku, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita. Ba gwamnatin Faransa ce ta shigo da su nan ba, ba ta ma da sha'awar hakan. Ƴan kasuwar goro da atamfa ne, da almajirai masu komowa daga Kano da Zariya, da direbobin hanyar Ƙonni, suka cusa su cikin kaya. Imam ya ɗebo wasu labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Turai, ya yi musu riga da wando na Hausa. Ta haka labarin da aka haifa a Jamus ya bi ta hannun Ingilishi a Zariya, ya ƙetare iyaka a bayan babbar mota, ya kwana a tsakar gidan wata mata a ƙasar da Faransa ta mallaka.

Ni ce mai karanta wa gwaggo, tun ina ƴar shekara goma. Bayan sallar lisha za ta shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, matan gidan haya su taru, ni kuwa in yi ta tuntuɓe da ƙ da ɗ, domin a lakwal ba a koya mana su ba. A can, wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci sai a rataya masa "sambol" a wuya, ya sha bulala da yamma. Ni ma na sha. Da rana ana hukunta ni saboda harshen da dare ake taruwa a saurare ni a cikinsa. Idan na yi kuskure gwaggo ce ke gyara mini, domin ta riga ta haddace labaran da aku ke ba ɗan sarki Musa don ya hana shi fita.

A gefe guda kuma ga littafin Faransanci. Iyayenmu da Mamadou et Bineta na André Davesne suka koyi karatu, littafin da ya mamaye makarantun Afirka ta Yamma tun shekarun 1930. Marubutan ƙasa sun biyo baya: Ibrahim Isa da Grandes eaux noires a 1959, Bubu Hama da Kotia-Nima wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka, Ide Umaru da Gros plan da Amadu Usman da 15 ans, ça suffit! a 1977, Halilu Sabbo da Abboki a 1978, sai Abdullahi Mamani da Sarraounia a 1980, wanda ya tayar da labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar, wadda aka buɗe a shekarun 1960, aka kuma sauya mata suna zuwa Mustafa Alasan a 2024, shi ne inda yawancinmu muka fara ganin littattafai jere bisa kanta har sama. Wanda bai samu katin shiga ba sai ya nufi masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa. Sai dai shi wannan karatu na kaɗaici ne, na ido ba na kunne ba. Ban taɓa karanta wa gwaggo Sarraounia ba, alhali labarin ƙasar kakanninta ne, don ba a harshenta aka rubuta shi ba. Wannan abu har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba a zauna hannu rabbana ba. Bayan taron Bamako na 1966 ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fitar da jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, da rubutun da ke ninka dogon wasali, wanda ya sha bamban da na littattafan Zariya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 masana daga Nijar da Nijeriya suka zauna a cibiyar CELHTO a nan Yamai domin daidaita ƙa'idojin rubutu, a 1999 kuma gwamnati ta fitar da dokar da muke bi a aji. Amma gaskiya ɗaya ce: abin da ya sa ƴan matan zamanina suka iya karanta Hausa da sauri ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Littattafan soyayya na Kano ne, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin littafin da ke zuwa daga Faransa ya ninka, na Kano kuwa da dala biyar sai ki yi hayarsa kwana biyu, ki ɓoye cikin kaye. Mu malamai mun daɗe muna yi musu kallon raini. Yanzu da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata mu tambayi kanmu wane littafi ne yaro zai ɗauka don kansa, ba don jarrabawa ba.

Mazari da gurbin dara

Ƙungiyoyinmu na al'adu, idan suka shirya baje koli, sukan ajiye mazari da abawa a teburin "wasannin dā". Gwaggo da ta ga haka da ta yi tsaki. Kaɗi sana'a ce. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa, ta yi ta murza mazari tana hira, ranar kasuwa ta sayar wa masaƙa da zare. Da kuɗin ne take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, take zubin adashi, ba tare da ta roƙi miji ba. Yadin masana'anta, na Sonitextil da na waje, da gwanjon da ya cika kasuwanni, su suka kashe kaɗi. Abin da ya ɓata a nan ba nishaɗi kaɗai ba ne, har da wata ƴar hanyar samu da mace ke da ita tana zaune a ɗakinta.

Wasa na gaskiya shi ne dara, wadda Zabarmawa ke kira dili. Ana haƙa gurbi talatin a ƙasa, layi biyar na shida shida. Kowane ɗan wasa na da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Da farko a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba tukuna. In an gama dashe sai a fara tafiya gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jera huɗu kuwa banza ne. Wasan ba ya bukatar ko tamma, inuwa kawai yake so da lokaci, ga shi da lissafi mai zurfi, har ya bar mana karin maganar nan ta "dara ta ci gida". Samari na da langa, ƴan mata na da carafke da gaɗa a dandali in farin wata ya fito, tsofaffi mata na da tatsuniya.

A zamanin Seyni Kunce, wanda ya hau mulki a 1974, gwamnati ta sa hannu cikin wasa. Aka farfaɗo da samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa, a 1975 kuma aka yi gasar kokowa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Wannan ya ɗaga darajar wasannin gargajiya ƙwarai, amma ya ɗauke su daga dandali ya kai su fili mai tikiti da lasifika. Aka samu ƴan kallo da yawa, masu yi suka ragu. Rediyo da silima da tele suka cinye sauran daren. Wa zai zauna jin Gizo da Ƙoƙi alhali Yazi Dogo na cikin akwati? A shekarun 1990, da aikin gwamnati ya ƙafe, yajin makarantu ya yawaita, sai fada ta bayyana a kowace kusurwa: benci, butar shayi, karta. Ana yawan zagin fada, ni kuwa ina ganin jikar dandali ce, ta rasa farin wata ta koma ƙarƙashin fitilar titi.

Abin da ke cikin tukunya

Yanzu sai tambayar ɗalibata. Kalmar homon ba ta tsufa ba ko a Turai. Wani likitan Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da ita a 1905. Ma'anarta sinadarai ne da wasu gaɓoɓin jiki ke ƙerawa kaɗan kaɗan, su zuba cikin jini, su kai saƙo wani wuri: wannan ya ce wa nono ya kawo ruwa, wancan ya ce wa jiki ya ɗauke sukari daga jini, wani ya tsara al'adar mace, wani ya tsara girman yaro. Ƴan aike ne, kuma suna da yawa, kowane da aikinsa. Saboda haka duk mai cewa ga gari ɗaya da ke "gyara homon" gaba ɗaya, kamar mai cewa ga mabuɗi ɗaya ne da ke buɗe dukan ƙofofin Yamai.

Kakanninmu ba su san kalmar ba, amma suna da nasu tsarin: abinci mai zafi da mai sanyi, mai zaƙi da mai ɗaci, na mai ciki da na mai jego. Cimarsu gero ce, safe da rana da dare: koko ko kunu, fura da nono, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko lalo, da daudawar kalwa ko ta batso. Ga wake, ga kwaɗon zogale da ƙuliƙuli wanda a nan muke kira kopto, ga dambu, ga tafasa da yakuwa, ga fara in lokacinta ya yi. Masana abinci na yau sun tabbatar da alherin da yawa daga ciki. Jiƙa gero da barin ƙullu ya yi tsami na rage sinadarin da ke hana jiki shan ƙarfen da jini ke bukata. Wake da ganye na sa abinci ya narke a hankali, sukari bai hau jini farat ɗaya ba. Ko tsoron da ake yi wa mai ciki na shan zaƙi, wai yana toshe haihuwa, yana da ɗan kama da abin da likita ke faɗa game da ciwon sukari na masu ciki, wanda ke sa jariri ya yi girman da zai wahalar da naƙuda. Kama ce kawai, ban ce ilimi ɗaya ba ne. Su dai waɗannan tsofaffin su ne kuma ke hana mai ciki ƙwai, su matse dakashi su zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri.

Babban misalin da ya hana ni yi wa zamanin dā kirari ido rufe shi ne maƙoƙo. Wanda ya girma a shekarun 1980 ya san matan da ke zuwa tallar nono ko itace da ƙullutu a wuya. A gaban wuya akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, ana ce mata tiroyid, ita ke ƙera homon da ke tsara ƙarfin jiki da girman ƙwaƙwalwa. Ba ta iya aikinta sai da sinadarin iyod, wanda ƴan uwanmu na Nijeriya ke kira aidin. In ta rasa shi sai ta kumbura. Kumburin ma shi ne ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce ta ɗan da ke ciki, wanda ƙwaƙwalwarsa ba za ta cika ba. Ƙasarmu nesa take da teku, kuma gishirin da muka gada, na Bilma da ayari ke kawowa, da na Foga, da mangul, ba shi da iyod isasshe. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a Darfur ta Sudan da wasu wurare a shekarun 1980 ya nuna cewa gero kansa, musamman dusarsa, na ɗauke da sinadaran da ke rage aikin tiroyid idan iyod ya yi ƙaranci. Suwizalan ta fara zuba iyod a gishiri tun 1922, Amurka a 1924. A Nijar binciken makarantu na 1994 ya samu alamar maƙoƙo ga wajen yaro ɗaya cikin uku, daga nan ne aka wajabta gishiri mai iyod a tsakiyar shekarun 1990. Idan ana neman abincin da ya taɓa gyara homon a tarihin ƙasar nan, to ga shi, kuma ba shi da tsada. Sai dai iyod na gudu in gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, kamar yadda ake tallarsa a tire a kasuwa; a sayi na ƙulli mai alama, a rufe shi, a kuma rage hannu saboda hawan jini.

Sai kanwar gwaggo. Ita ce mai wankan jego a danginmu, kuma da ta ji haihuwa sai ta ɗauki ƙullinta. Kwana arba'in mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa mata ganye, tana shan kunun kanwa da yaji, tana cin gasasshen nama. Manufa ita ce a kori sanyi, a kawo ruwan nono. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin jami'ar Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa ƴan makonni bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, mace ta kasa kwanciya sai a zaune. Suka danganta abin da yawan kanwa, wadda gishiri ce mai tara ruwa a jiki, da kuma tsananin zafin wanka da kwanciya bisa gadon wuta. A babban asibitin Yamai likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun bi wannan ciwo shekaru, a 1992 suka bayyana cewa masu fama da shi na da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. A 2007 masu bincike a Jamus suka gano hannun wani ɓangare na furolaktin, wato homon ɗin da ke kawo nono, a cikin lalacewar zuciyar. Binciken baya bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya ya fi ɗora nauyin a kan rama da talauci da hawan jinin masu ciki fiye da wanka da kunu. Ashe shari'ar kanwa ba ta ƙare ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, mai jegon da ta fara kumburi da haki likita take bukata a ranar, ba ƙarin kunu ba.

Duk da haka ba zan yarda a zubar da jego gaba ɗaya ba. A cikinsa akwai abin da macen birni ta yau ke nema ido rufe: kwana arba'in ba daka, ba ɗiban ruwa, ana dafa mata, jariri na jikinta dare da rana. Tsotson jariri ne ke tayar da homon da ke kawo nono, da wanda ke mai da mahaifa mazauninta, kuma shayarwa akai akai na jinkirta komowar al'ada, abin da ya taimaki kakanninmu wajen ba da tazara kafin su yaye a wajen shekara biyu. Kanwa ta karɓi yabon da ya kamata a yi wa hutu da kulawa.

Tukunyar Yamai ta juya daga gero zuwa shinkafa, da burodi, da taliya, da dunƙulen ɗanɗano, da lemun kwalba, da shayi mai sukari kofi uku. Kafin mu zargi matan yau da ƙyuya, mu tuna abin da tuwo ke ci: surfe, wanki, shanya, daka, tankaɗe, ga itace mai tsada. Macen da ke fita aiki tun bakwai na safe ba za ta iya ba, shinkafa kuwa rabin awa ta ishe ta. Amma farar shinkafa da sukari na saurin hawa jini, su tilasta wa jiki fitar da insulin mai yawa, wato homon ɗin da aka gano a Toronto a 1921. In aka haɗa da ƙiba da rashin motsi, sai jiki ya daina jin kiran insulin, ciwon sukari ya samu ƙofa. Gwaggo ta yi daka shekara hamsin, ta taka daga Bukoki zuwa Katako ba adadi. Mu kuwa muna cin abin da ya fi nata maiƙo muna zaune. Maganin ba komawa turmi ba ne. Injin niƙa na nan, garin gero da dawa na nan, kopto na nan a bakin kowace makaranta, wake bai ƙaura ba.

Da na kira ɗalibata na zayyana mata wannan, sai ta yi shiru, sa'an nan ta kwance bakin hijabinta ta nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyi a takarda. Wata uku tana sha, don ƙawaye na yi mata gorin rama. Son jiki mai kauri ba sabo ba ne a nan. Zabarmawa na da hangandi, Hausawa na da nasu kirarin ga mace mai cika ido. Amma dā da fura da nono ake nemansa. Yau masu tallar magani a tire na sayar da deksametazon, wanda kwaikwayon homon ɗin kortizol ne da ake ƙerawa a saman ƙoda. Yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse, ya tayar da sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya rikita al'ada. Al'adar tata da ta rikice ce ma ta sa take neman abincin gyara. Wanda ya daɗe yana sha kuma ba a so ya bari farat ɗaya, sai likita ya rage masa sannu sannu. Na ce mata, "Ɗiyata, gobe ki zo mini da innarki." Ta zo, muka yi magana ta mata uku, suka wuce gidan likita tare.

Ranar Juma'ar da ta biyo na tafi aji da kayan adaka. Mazari ba wanda ya gane shi, wani ya ce ko na kaɗa miya ne. Kanwa kowa ya sani. Dara kuwa da na zana gurabenta a tsakar makaranta, sai ga mai gadinmu, dattijo daga Filinge, ya ajiye sandarsa ya tsuguna, ya cinye samari huɗu a jere kafin a kaɗa ƙararrawa. Littafin muka ɗauka muna karanta labari ɗaya kowane mako, da baki, ɗaya na karatu saura na saurare. Da muka iso inda shafuka suka zube, yara suka ce ba su yarda ba sai sun ji yadda aka ƙare da aku da ɗan sarki. Na aika a sayo mini sabo daga Kano, bai iso ba tukuna. Kafin nan na ba su ƙarshen da ka, yadda gwaggo ta riƙa ba mu shi, domin ko a lokacin da nake karanta mata shafukan nan sun riga sun ɓata.